Sirrin 'makasa': Darasin da tsohon ɗan dambe ya ba mu a Makoɗa

Kakar bana na je gida Makoɗa kamar yadda na saba, domin in ga abin da Allah Ya hore mana a gona, in kuma sada zumunci. Wata rana da la'asar sakaliya muna zaune a ƙofar gida, ga dammunan gero an jingine ana jiran a zuba a rumbu, sai ɗan wana, wanda ke karatu a wata babbar makaranta a birnin Kano, ya matso kusa da ni ya ce, "Baffa, miƙo hannunka in nuna maka wani abu." Na miƙa masa. Ya lalubi wani gurbi ƙasa kaɗan da gwiwar hannuna, ya danna da babban yatsa. Wani irin zafi ya tsarga mini har ƙarshen yatsu, ban san lokacin da na fizge hannun ba.

Yaro ya yi murmushin wanda ya ci gari, sannan ya kwance mana bakin jaka. Ashe wata uku ke nan yana zuwa wurin wani malamin koyar da kare kai a birni, yana kuma biyan kuɗin ne daga ɗan abin da ake aika masa na abinci. Malamin ya shaida musu cewa jikin ɗan Adam cike yake da wasu ɓoyayyun gurabe, waɗanda idan ka san su ba ka bukatar ƙarfi: wannan ka taɓa hannu ya shanye, wancan ka taɓa ƙato ya zube a sume. Akwai ma wani mataki na can ƙoli, wanda sai ɗalibi ya daɗe, ya kuma ƙara kuɗi, kafin a buɗe masa, inda ake taɓa mutum yau ya mutu bayan kwanaki. Ya nuna mana hoton jikin mutum a wayarsa, an yi masa ɗige-ɗige tun daga ka har tafin ƙafa. Da na tambaye shi abin da ya kai shi, sai ya ce abokansa biyu aka yi wa ƙwacen waya a zangon karatu ɗaya, ɗayan ma har da yanka a hannu. Wato dai ba wauta ce ta kai shi ba, tsoro ne, kuma duk wanda ke zaune a Kano a shekarun nan ba zai ga laifinsa ba.

Don ya tabbatar mana, sai ya kira abokinsa da suka zo hutu tare, wanda shi ma ɗalibin malamin ne. Abokin ya tsaya ƙiƙam, hannuwa a sake. Ɗan wana ya ɗan sare shi a gefen wuya da gefen hannu, sai ga saurayi ya sulale a kan tabarma. Yaran unguwa suka ɗauki sowa.

Duk abin nan kawuna na gefe yana kallo bai ce uffan ba. Dattijo ne da ya haura saba'in, mahauci ɗan mahauci, wanda a ƙuruciyarsa ya ɗaure hannu ya yi yawon dambe na kaka, daga Ɗambatta zuwa Kazaure zuwa Bichi. Da yake akwai wasan jika da kaka a tsakaninsu, sai ya ce, "Zo nan abokina, gwada a kaina." Yaro ya kama damtsen tsoho, ya lalubi gurbin nan, ya danna iyakar ƙarfinsa. Kawu ya yamutsa fuska, amma bai janye ba. Sai kawai muka ga ɗaya hannun nasa ya tashi a hankali, ya dangwali haɓar yaron, ya wuce ya ture masa hula.

"Tsoho, ba ka ji zafi ba ne?"

"Na ji mana. Amma kai da ka sunkuya kana neman jijiya, wa ka bar wa ajiyar haɓarka?"

Aka yi dariya aka tashi salla. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, domin a cikin wannan 'yar tambaya kawu ya taƙaita abin da masana wannan fanni suka daɗe suna faɗa.

Kafin in ɗora wa yaran yanzu laifi, ya kamata in faɗi gaskiya a kan tsararrakina. Mu ne 'yan fim ɗin Chanis. Waɗanda suka tashi a birni sun sha layi a sinimar Plaza da Orion da Eldorado, mu na ƙauye kuwa sai da gidajen bidiyo masu janareta suka iso mana. A nan muka ga tsohon malami mai farin gemu ya caki bos da yatsa biyu ya sandare kamar gunki. A nan muka ga Van Damme, a fim ɗinsa na 1988 mai suna Bloodsport, ya daki tarin bulo ta sama na ƙasa ya tarwatse, aka ce mana sunan abin dim mak, wato taɓawar ajali. Da Bruce Lee ya rasu a Hong Kong a watan Yulin 1973 yana da shekara 32, binciken hukuma ya ce kumburin ƙwaƙwalwa ne da ya biyo bayan shan wani maganin ciwon kai, amma har muka girma labarin da ke yawo a majalisu shi ne wai malaman kunfu ne suka taɓa shi don ya tona asirinsu. Wannan taswira ta ɗige-ɗige kuwa ba daga fagen faɗa ta samo asali ba. Aro ce daga likitancin gargajiya na ƙasar Sin, inda ake soka siraran allurai a wasu gurabe, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da daidaitaccen bayanin wuraren 361 daga cikinsu a 2008. Gurbin da mai magani ke nema a jikin majinyacin da ya kwanta shiru, shi aka ce wa yaranmu su nema a jikin ɗan daba.

To, shin ƙarya ce tsagwaronta? A'a. Da ƙarya ce zalla da ba ta yi wannan tsawon rai ba. Jiki yana da makasa, Bahaushe ya san haka tun kafin ya ga majigi, shi ya sa ma yake da kalmar, yake kuma cewa an gano lagon wane. Duk wanda ya taɓa buga gwiwar hannunsa a ƙyaure ya ji kamar lantarki ya ja shi har ƙaramin yatsa, ya san akwai wuraren da jijiya ke bi a kan ƙashi babu tsokar da ta rufe ta. Irin wannan wuri ɗan wana ya danna mini, kuma zafin da na ji ba na wasa ba ne.

Da dare na koma wurin kawu na ce ya lissafa mini inda ɗan dambe ke nema. Bai kai ga cika yatsun hannu ɗaya ba: haɓa da muƙamuƙi, gefen kunne, ƙahon zuci, sai kwiɓin dama. Mutumin da ya shekara hamsin yana feɗe dabba ba ya bukatar taswira kafin ya san inda hanta take kwance. Abin sha'awa shi ne, duk wurin da ya ambata, ilimin likitanci yana da bayaninsa. Haɓa ita ce mafi nisa daga inda kai ya zauna a kan wuya, don haka naushin da ya same ta yakan juya kan da sauri, kamar yadda ƙota mai tsawo ke ƙara wa gatari ƙarfi, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Wannan shi ne sirrin kwaf ɗaya da makaɗa ke yi wa kirari. Bugun ƙahon zuci yakan sa faifan tsokar da ya raba ƙirji da ciki, wanda da shi muke jan numfashi, ya ƙage na ɗan lokaci, sai ka ga ƙato ya durƙusa yana haki. Hanta kuwa tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kuma wanda aka same shi a nan, ƙafafunsa kan ƙi ɗaukarsa ko da hankalinsa na tare da shi. Hannun hagu ne ya fi samunta idan an fuskanci juna, wanda yana cikin dalilan da suka sa karawa da bahago ke da wuyar sha'ani.

Amma mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, waɗannan wurare ba ɗigon alƙalami ba ne, kowannensu ya kai faɗin tafin hannu. Na biyu, ba a taɓa su, dukansu ake yi, da nauyin jiki gaba ɗaya, a daidai lokacin da abokin karawa ya buɗe. Duk da haka, je ka gidan damben Ado Bayero Square da ke Sabon Gari ka zauna daga la'asar zuwa magariba, ka ƙirga wasa nawa ake raba shi bayan turmi uku babu kisa. Waɗannan fa mutane ne da ba su da sana'ar da ta wuce neman haɓar juna, 'yan Kudu da 'yan Arewa da Guramada, kowa ya san inda ake nema, amma sau da yawa samun ya gagara, saboda mai haɓar ma ba barci yake yi ba.

Akwai kuma wata hujja da dambe ya ba ni wadda ban ga amsarta ba. Ɗan dambe hannu ɗaya yake ɗaurewa da zare, ɗayan a buɗe yake, shi ne garkuwarsa, da shi yake auna tazara, yake ture abokin karawa, yake dafa masa damtse da kafaɗa da wuya a kowane turmi. Kuma kowa ya san babu mai neman asiri kamar ɗan dambe: ga laya, ga guru, ga tsaga a hannu a cusa magani. Mutanen da suka bi kowane lungu don neman sa'a, tun zamanin Shago da Ɗandunawa da marigayi Ɗan Anace ya yi wa kiɗa har zuwa yau, da a ce akwai gurbin da za a danna da yatsa ƙato ya zube, a ce babu ko mutum ɗaya da ya yi tuntuɓe da shi?

Abin da ke raba tabarmar koyo da titi a fili yake. Abokin ɗan wana ya tsaya ne cik, ya saki jiki, ya san abin da za a yi masa, ya kuma san abin da ake so ya yi. Ban ce da gangan ya faɗi ba. Wanda ya wata uku yana ganin malaminsa na taɓa mutane suna zubewa, ya kuma biya kuɗi don ya yarda, jikinsa na iya sakewa tun kafin hannu ya iso. Maharin gaske kuwa motsi yake yi, sanye yake da riga, ga gumi, ga duhu, kuma ba hannu ɗaya gare shi ba. Kai kanka da aka far wa, jininka ya cika da sinadarin adirenalin, zuciya na dukan uku-uku, yatsu na rawa. Wanda kare ya taɓa biyowa da dare ya yi ƙoƙarin zura mukulli a kwaɗo ya san yadda ƙaramin aiki ke gagarar hannu a irin wannan hali. Sannan jijiyoyin mutane ba a wuri ɗaya sak suke ba, kauri da tsoka sun bambanta, haka ma juriya.

Mafi muni shi ne, yawancin wannan dabara a kan zafi ta dogara, wato ka sa mutum ya ji ciwo har ya saki. 'Yan sanda a ƙasashe da dama suna amfani da irinta, amma a kan wanda ya zauna ya ƙi tashi, ba wanda ya zaro wuƙa ba. To, wane ne ke tare mutane a lungunan Kano? Sau da yawa yaro ne da ya yi tatul da ƙwaya. Tiramadol fa asalinsa maganin kashe zafi ne. Haka ma kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin tari da shi da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan wani binciken BBC da ya nuna irin ɓarnar da yake yi a Kano. Ka ga ke nan an ba ɗanka makamin da ba ya cin daidai mutumin da ya saye shi dominsa.

A ƙasashen da abin ya fito ma an sha gwada shi a bainar jama'a. A 1993, da aka shirya gasar UFC ta farko a birnin Denver na Amurka, aka tara masu salon faɗa iri-iri aka ce cikin 'yan abubuwan da aka hana akwai cizo da tsokale ido, wanda ya yi nasara ɗan Brazil ne, Royce Gracie, kuma da kokawa da maƙura ya ci, ba da yatsa ba. Akwai wani Ba'amurke mai suna George Dillman, wanda ya fi kowa tallata ilimin gurabe a Yammacin duniya, har tafiya ta kai shi ga cewa ana iya sumar da mutum ba tare da an taɓa shi ba. A 2005 tashar National Geographic ta kawo wani masanin sinadarai ɗan Italiya, Luigi Garlaschelli, ya tsaya a gaban ɗaya daga cikin manyan almajiran Dillman. Aka yi ta kaɗa hannu, mutum yana tsaye ko gezau. Uzurin da Dillman ya bayar shi ne mutumin bai yi imani da abin ba, kuma wai inda harshe yake a cikin baki ko ɗaga babban yatsan ƙafa na iya karya aikin. Mai karatu, ina ka taɓa jin irin wannan uzuri? Ni dai na ji shi a bakin boka, ranar da maganin bindiga ya ƙi ci. A ƙasar Sin kanta, wani ɗan damben zamani mai suna Xu Xiaodong ya ɗauki aniyar ƙure irin waɗannan malamai. A Afrilun 2017 ya gama da wani malamin taici a birnin Chengdu cikin 'yan daƙiƙoƙi, a Mayun 2019 kuma ya kara da Lu Gang, wanda ke tutiyar sanin gurabe, ya fasa masa hanci kafin minti ɗaya ya cika.

Batun taɓawar ajali kuwa, akwai ƙwayar gaskiya a cikinsa, amma ba irin wadda malamin ɗan wana ke sayarwa ba. A ranar 2 ga Janairun 2023 wani ɗan wasan ƙwallon Amurka, Damar Hamlin, ya yi karo da abokin wasa a ƙirji, ya miƙe, ya sake faɗuwa zuciyarsa ta tsaya, sai da likitoci suka farfaɗo da shi a tsakiyar fili. Abin da ya faru shi ne bugun ya faɗo a wani ɗan taƙin lokaci cikin zagayen bugawar zuciya wanda bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ba. Babu mahaluƙin da zai iya auna wannan da gangan. A Nuwamban 2014 kuma ƙwallon kurket ta sami Phillip Hughes, ɗan Ostireliya mai shekara 25, a gefen wuya, ta yaga wata jijiyar jini da ke kai wa ƙwaƙwalwa, ya rasu bayan kwana biyu. Duka biyun tsautsayi ne, ba gwaninta ba.

A nan ne hankalina ya fi tashi da wasan da aka yi a ƙofar gidanmu. A gefen wuya, inda babbar jijiyar jini ta rabu biyu, akwai wani wuri da ke auna ƙarfin gudun jini. Idan aka matsa shi, yakan aika wa zuciya saƙon ta rage gudu, kuma wasu mutane, musamman masu shekaru, suna iya suma. Likitoci kan murza wurin da gangan a wasu cututtukan zuciya, amma da na'ura a gefe, kuma suna guje masa ga wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Wato wannan ba ya tabbata ranar da kake bukatarsa, amma yana iya yin kisa ranar da kake wasa. Yaran da suka yi sowa a ranar nan, washegari na gan su a bayan masallaci suna saran wuyan juna. Idan ɗaya ya faɗi bai tashi ba, daga ƙauyukanmu sai an nemi mota zuwa Ɗambatta, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce Kano, ƙwaƙwalwa kuwa mintoci kaɗan take jurewa babu jini.

Mu 'yan boko muna da wata ɗabi'a. Idan muka ga ɗan tauri yana goga wuƙa a ciki ana yi masa kiɗa, sai mu taɓe baki mu ce ai wuƙar a hannunsa take, shi ya san gefen da ya ɗora da nauyin da ya sa. Idan muka ga ɗan ƙauye ya ɗaura kambu sai mu ce jahilci. Amma da zarar an kawo mana wannan fatan dai, na samun kariya babu wahala, a cikin farar riga da baƙin ɗamara da taswirar jiki da sunaye na ƙetare, sai mu zaro kuɗi. Na san ma'aikatan banki da malaman jami'a da suka sa 'ya'yansu mata a irin waɗannan darussa na mako biyu, suka koma gida hankali kwance wai yarinya ta iya kare kanta. Laya ce, sai dai ba dukawa ne suka ɗinke ta ba.

Illar ba a kuɗin da aka yi asara take ba. Yaron da ya san bai iya komai ba, idan aka zaro masa wuƙa zai miƙa waya ya tsira da ransa. Wanda aka cusa wa cewa yana da sirri a yatsa shi ne zai tsaya, ya matsa kusa, ya sunkuya neman jijiya. Ƙwacen waya ya yi ƙamarin da a watan Mayun 2023 majalisar tsaron Jihar Kano ta ayyana shi a matsayin fashi da makami, kuma gidaje da yawa sun yi zaman makoki a kan wayar da ba ta kai kuɗin tunkiya ba. Ko ta fuskar shari'a ma, sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya kare kansa ne da gwargwadon ƙarfin da ya zama dole, ba wai duk wanda ya ci maka kwala ka nemi maƙogwaronsa ba.

Ba ina cewa kada a koyi kare kai ba ne. Ma'aunina ɗaya ne: shin a wurin koyon ana barin abokin gwaji ya ƙi? Idan yana turjewa, yana ramawa, kana faɗuwa kana tashi, to ana koyon wani abu, ko sunansa judo, ko damben Turawa, ko kokawar da ake yi a dandalin kowane ƙauye bayan an kai amfanin gona gida. Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar, wanda ya ci lambar azurfa a takwando a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017, ba da wani ɓoyayyen gurbi ya kai can ba, da shekarun shan duka a hannun waɗanda su ma suke son ci ne. Idan kuwa malami ya ce dabararsa ta fi ƙarfin a gwada ta da gaske, ko kuma sai a kan ɗalibansa kaɗai take aiki, to a riƙe kuɗin a sayi takalmin gudu.

Ranar da zan komo birni, na tarar da ɗan wana a rumfar kawu a bakin kasuwa, yana ta yi masa magiya ya koya masa yadda ake kwaf ɗaya. Tsoho ya ajiye wuƙar fawa, ya ɗage rigarsa, ya nuna masa wani dogon tabo da ya taso daga kwiɓi ya nufi cibiya. Ni kaina ban taɓa ganinsa ba. Ya ce ba a fage ya same shi ba. A hanyar dawowa daga cin kasuwa ne, shekarar da yake ganiyar ƙarfinsa, lokacin da ƙauyukan nan kaf babu mai sa zare da shi. Wanda ya yi masa kuwa wani siririn yaro ne da ko akuya ba zai iya kayarwa ba, kuma a kan kuɗin fata biyu ne.

"To Tsoho, ba ka nushe shi ba?"

"Na nushe shi mana, har ya faɗi. Wata uku na yi a kwance, shi kuwa aka ce washegari an gan shi a kasuwar Kazaure."

Ya saki rigar, ya ɗauki wuƙarsa, ya ce wa yaron ya riƙe masa ƙafar ragon nan da kyau.